Gwangwanin Shayi

Shekara shida sunan babana na cikin layi,
layin da ba a tsayuwa, sai dai a rubuta ka a littafin dillali.
Aubrey Tebbutt, akawu a masana'antar takalma ta Kettering,
mutumin da ke ƙirga canji sau biyu
ko da uwarsa ce ta ba shi.

An gama yaƙi, amma talauci bai ji sanarwa ba.
Sukari da kati, nama da kati,
fetur ma da kati, ga mai abin zuba shi.
Motocin da aka ƙera, jiragen ruwa ke kwashe su
zuwa inda za a biya da kuɗin waje.
Mu sai keke.
Ya matse ƙafar wando, ya shiga yayyafi,
ya dawo da yamma kamar jiƙaƙƙiyar kaza.

A layinmu mota ta likita ce.
In ta tsaya a ƙofar wani gida
sai labule ya motsa a kowace taga:
wa ke kwance?

Akwai gwangwanin shayi a saman kanta, ba shayi a ciki.
Ran Juma'a sule biyu. Wani makon sisi.
Wani makon mahaifiyata Enid ta girgiza shi kawai
don ya san ba a manta da shi ba.

Sannu a hankali gari ya saki jiki.
Odar takalma ta yi yawa, albashi ya ɗaga kai,
katunan suka bi shara ɗaya bayan ɗaya.
Hannuwan da suka haɗa injinan yaƙi
suka koma ɗaura ƙofofin ƙananan motoci,
dubu kan dubu, har yawa ya tausasa farashi.
Dillali ya aiko: kawo kashi ɗaya cikin uku,
sauran wata-wata.

Kwana uku babana na juya cokali a kwano.
Ubansa ya mutu ba wanda ke bin sa kwabo.
Enid ta ce, "Bashi hanji ne, Aubrey, yana cikin kowa."
Ya sa hannu da alƙalamin ofis,
tawada ta ɗiga a kan sunansa.

Baƙa ce, ƙarama, mai ƙofa biyu.
Kafin ya taɓa sitiyari
sai da ya sunkuya ya shinshina kujera,
ya ce, "Wannan ba fata ba ce."
Maƙwabciyarmu, matar Panter, ta fito a guje, hannu duk fulawa,
tana tambayar wa ba shi da lafiya.

Ran Lahadi muka nufi teku, Hunstanton.
A hanya inji ya tafasa,
muka zauna bakin gona muna cin burodi da dafaffen ƙwai,
babana na yi wa lagireto fifita da jarida.
Da muka isa, ni da ƙanena muka ruga cikin yashi.
Enid ba ta fito ba.
Ruwa irin wannan ne ya riƙe wanta Leonard
tun shekara ta uku da fara yaƙi.
Ta sauke gilashi rabi,
ta daɗe tana kallo,
sannan ta ce mu shigo, iska ta yi sanyi.

Kafin mu gama biya, motoci tara ne a layin.
Malamin makaranta, mai gyaran famfo, har Panter.
Aka fara gaba kan wurin ajiyewa,
ƙwallonmu ta rasa fili.
Likita kan zo ya tafi, labule bai motsa ba.

Gwangwanin ya koma ƙarƙashin kujerar direba, na kuɗin fetur.
Duk ramin da muka faɗa sai ya yi kacau,
babana ya rage gudu.